Wane ne Albright, kuma har yanzu ana dogara da bincikensa?

Ɗan Sabon Tasha ya rubuta:

Salama gare ku 'yan uwa. Ina shekara ta biyu a wata makarantar tauhidi a nan Kaduna. An ba mu aikin gida a darasin Tsohon Alkawari, mu yi rubutu a kan William Albright. Malaminmu ba ya gama darasi bai ambaci sunansa ba. A wurinsa duk yaƙin da ke cikin Littafin Joshuwa mutumin nan ya tono shaidarsa ya nuna wa duniya. Da na leƙa intanet kuma sai na ga ana cewa an daɗe da barin ra'ayinsa. Littattafan laburarenmu duk sun girme ni. Don Allah wa zan bi? Ranar Litinin zan miƙa.

Ladi Barnawa ta amsa:

Ƙanena, ni ilimin tonon kayan tarihi na karanta a ABU Zariya, bari in ba ka abin da na riƙe.

An haife shi a 1891 a Coquimbo, ƙasar Chile, iyayensa 'yan mishan ne na Metodis daga Amurka. Idonsa ba ya gani nesa tun yana yaro, injin gona kuma ya lalata masa hannun hagu, don haka karatu ya zame masa wasa. Ya gama digirin digirgir a Jami'ar Johns Hopkins a 1916, a harsunan Gabas ta Tsakiya na dā. Daga nan ya tafi Urushalima, ya shugabanci makarantar binciken Amurkawa da ke can. A 1922 ya tona Tell el-Ful, inda ya ce nan ce Gibeya, garin Sarki Saul. Daga baya ya koma koyarwa a Johns Hopkins har ya yi ritaya a 1958, ya rasu a 1971.

Babban aikinsa shi ne Tell Beit Mirsim, daga 1926 zuwa 1932. Tudun kufai ne, gari bisa gari: a gina, a ƙone ko a watse, wasu su zo su sake gini a kan ɓaraguzan. Abin da ya ɗauka da muhimmanci a wurin shi ne tsingaron tukwane, wanda wani zai shure da ƙafa ya wuce. Ya riƙa duba leɓen tukunya, da marikinta, da gindinta, da irin shafen da aka yi mata, yana rubuta a wane hawa na ƙasa aka sami kowanne. Kowane zamani da yayinsa. Flinders Petrie ne ya fara wannan dabara a 1890, amma Albright ne ya tsara ta har ta zama ma'aunin da kowa ke aiki da shi a Falasɗinu. Mu ma da muka je aikin fili a kudancin Kaduna, kowa ransa na kan mutum-mutumin Nok, amma abin da muka cika buhu da shi tsingaro ne. Mu wanke da burushin haƙori, mu shanya a tabarma, mu rubuta lamba a jikin kowanne har yatsu su sage.

Inda malaminka ya zarce shi ne batun Joshuwa. Albright ya yi imani Isra'ilawa sun ci Kan'ana da yaƙi a ƙarni na 13 kafin haihuwar Almasihu, kuma tokar da ya gani a wasu garuruwa ya jingina ta gare su. Sai dai da aka tona Ai a shekarun 1930, aka tarar garin ya riga ya zama kufai sama da shekara dubu kafin wannan lokaci. Shi da kansa ya ga matsalar, ya ce wataƙila labarin cin Betel ne aka ɗora wa Ai. Sannan Kathleen Kenyon ta tona Yariko daga 1952 zuwa 1958, ta nuna ganuwar da John Garstang, wanda ya tona wurin kafin ita, ya ce ita ce ta faɗi a gaban Joshuwa ta girmi zamanin nesa ba kusa ba, an kuma ƙone garin wajen 1550 kafin Almasihu. Ko Tell Beit Mirsim ɗin da ya ce Debir ce ta Littafin Joshuwa, yau galibin masana Khirbet Rabud suke nunawa. Kuma da me aka kayar da shi? Da tsingaron nan dai da ya koya wa mutane karantawa. Ni wannan zan sa a tsakiyar rubutun in ni ce kai.

Baba Fasto Kakuri ya amsa:

'Yata Ladi, kin yi ƙoƙari, amma kin tsallake abin da ya sa mu tsofaffi ba ma barin a taɓa shi. A 1947 makiyaya suka sami naɗaɗɗun littattafai cikin tuluna a kogon Qumran, gefen Tekun Gishiri. Wasu suka ce jabu ne, wasu suka ce ba su daɗe ba. A 1948 John Trever ya ɗauki hoton Littafin Ishaya ya aika wa Albright. Daga siffar haruffa kawai ya ce rubutun ya kai wajen shekara 100 kafin Almasihu, gwajin kimiyya na baya kuma bai ƙaryata shi ba. Mutumin da idonsa ba shi da ƙarfi ke nan!

Tarihin Isra'ila da muka karanta a zamaninmu na John Bright ne, ɗalibinsa. Frank Moore Cross da G. Ernest Wright ma a hannunsa suka tashi. Batun Yariko kuwa akwai waɗanda har yau ba su yarda da Kenyon ba, irin su Bryant Wood, ko da yake na san ba su ne da rinjaye ba. Ɗana, rubuta gaskiyar abin da aka tono, amma kada ka shiga aji kana gyara wa malaminka zama a gaban yara. Same shi a ofis.

Malam Sani Tudun Wada ya amsa:

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, tarihi nake koyarwa a sakandare, zancen ya ja ni. Malama Ladi, me ya ce game da Annabi Ibrahim (AS)? Na taɓa jin wata gardama a kan raƙuma.

Ladi Barnawa ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. A Farawa sura 24 bawan Ibrahim ya ɗauki raƙuma goma ya tafi nemo wa Ishaku mata. Albright ya ce raƙumin gida bai yaɗu a yankin ba sai ƙarshen ƙarni na 12 kafin Almasihu ko kusa da haka, alhali shi yana sa Ibrahim ɗaruruwan shekaru kafin nan. Maimakon ya saki labarin, a 1961 ya kawo shawarar cewa Ibrahim madugu ne na ayarin jakuna, kamar fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Ba a karɓi wannan sosai ba. Thomas Thompson a 1974 da John Van Seters a 1975 suka bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, suka nuna sunaye da al'adun da ya ce na zamanin Ibrahim ne kaɗai ana samun su a zamunna da yawa. Tono bai gano Ibrahim ba, bai kuma ce babu shi ba. Makiyayi mai tanti ba ya barin ganuwa.

Baba, na gode da tunin Qumran, a kan wannan babu mai ja da shi.

Ɗan Sabon Tasha ya amsa:

Na gode Anti Ladi, na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Zan same shi a ofis ɗin kafin Litinin. Anti, sunan garin da kika ce ya maye gurbin Tell Beit Mirsim, Rabud ne ko Rabut? Kada in rubuta ba daidai ba ya zabge mini maki.

Ladi Barnawa ta amsa:

Rabud, da d. Kudu da Hebron yake.