Yaron Yayana ya gano shirin binciken kisa da nake kallo, ku ba ni shawara

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutuna, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina zaune a Gusau, wajen Tudun Wada. Bara na kwashi adashena, ƙanwata ta ce in sayi keken ɗinki, kishiyar mamana ta ce in sayi tunkiya in kai ƙauye, ni kuwa na ce wace tunkiya a wannan zamani da ake kore garke guda a dare ɗaya? Sai na sayi dikoda da ƙaramar sola, saboda Maigida direba ne, yakan yi sati bai kwana gida ba, dare yana yi mini tsawo. Kuɗin wata ma da cinikin ƙanƙarata nake biya, ban taɓa tambayarsa ko sisi ba.

To akwai tashar nan Investigation Discovery, da ake nuna yadda 'yan sandan Amurka ke binciken kisan kai na gaske. Ita nake kallo in yara sun kwanta. Turancina ba mai yawa ba ne amma ina fahimta. Ashe yaron da nake riƙo, ɗan shekara 10, yana laɓewa bayan labule yana kallo. Yanzu sai ya tashi tsakar dare yana taɓa sakata, ya koma fitsarin kwance, malamin islamiyyarsu ya ce yana gyangyaɗi. Maigida ya ce in ya dawo daga Legas zai kwance dish ɗin. Ina ganin ana rubuta 16 da harafin V a kan shirin, me ke nan? Akwai wanda ya fi sauƙi da za mu iya kallo tare? Ba na son a cire.

Anti Malama: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekarata 19 da alli a hannu, ki saurare ni. Lambar 16 tana nufin wanda bai kai shekara 16 ba kada ya gani. V tashin hankali ne da zubar da jini, L baƙar magana, S harkar kwanciya, N tsiraici. In kin ga TV-14 ko TV-MA, wannan tsarin Amurka ne da suka fara a 1997: na farko ba na 'yan ƙasa da 14 ba ne, na biyu na manya ne zalla. Mu ma muna da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa tun 1993, tana sa G, PG, 12, 15 da 18. To Turawan da suka shirya abin da kansu sun ce ba na yara ba ne, ke ce za ki nemo mai sauƙi? Kisa ba shi da mai sauƙi. Ki shiga saitin dikodar, wurin kulawar iyaye, in DStv ce lambar sirrin da take zuwa da ita 1234 ce, ki canza ta, ki kulle duk abin da ya haura 13. Minti biyu ne.

Maman Biyu: Na gode Anti. Amma ai ba shi ke kunnawa ba, ni ce nake buɗewa. Ɗaki ɗaya ne da falo, labule ne kawai tsakani.

Anti Malama: To kin ga matsalar ba a dikoda take ba.

'Yar Ƙaura: Ni dai haushin mazan nan nake ji. Nawa tun daga la'asar har sha ɗaya yana gidan kallon ƙwallo, Asabar da Lahadi ba ma ganinsa, ya dawo yana huci in an ci su. Amma ran da ya same ni ina kallon fim ɗin fassara sai da ya yi mini wa'azin rabin awa. Da kuɗinki kika saya, kada ki bari a kwance. Yau dish ne, gobe wayarki ce.

Hajiya Babba: 'Yata, ki bi mijinki ki zauna lafiya. Ban da haka, gawa tana da alfarma a Musulunci, suturta ta ake yi, ba a mayar da ita abin hira. Ki riƙa tofa wa yaron Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu kafin ya kwanta, ke ma ki yi. Kallon jini da dare yana busar da zuciya.

Maman Biyu: Hajiya wallahi ba ma fashin addu'a. Kuma ba a cika nuna gawa ba, ana dusashe hoton. Yawanci 'yan wasa ne suke kwaikwayon abin da ya faru, sai a yi hira da dangin mamacin da ɗan sandan da ya yi aikin. Bincike ne aka fi nunawa, yadda ake ɗaukar zanen yatsa, a gwada jini ko silin gashi guda a gano mutum, a bi sawun wayarsa. Wani sai bayan shekara 20 ake kama shi.

Anti Malama: Ke kika san 'yan wasa ne. Yaro ɗan shekara 10 da ba ya jin Turancin, hoto kawai yake gani da kururuwa da wannan kiɗan mai sa faɗuwar gaba. Kuma muryar da ake sakawa ta wanda ya buga 911, lambar neman agajin gaggawa a Amurka, yana kuka, sau da yawa ta gaske ce. Ban tambaye ki ba ma, ina iyayen yaron?

Maman Biyu: Ɗan Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Yan bindiga suka harbe shi a gona a wajen Maru, daminar 2021, kafin a rufe layukan waya. Yaron ne ya kai masa fura, yana cikin dawa a ɓoye. Uwarsa ta yi aure a wani gari. Ban so faɗa ba tun farko. Shekaranjiya ya ce da ni, "Gwaggo, me ya sa da aka kashe Babana ba wanda ya zo da safar hannu ya tsinci kwanson harsashi?" Na rasa abin cewa. Gaskiya ba wanda ya zo, mu muka ɗauko shi a amalanke, aka yi masa sutura kafin azahar. Ko takarda ɗaya ba a rubuta ba. Ni abin da nake samu a shirin nan ke nan: a ƙarshe ana kiran sunan wanda ya yi, a kai shi gaban alƙali, uwar mamacin ta tsaya ta yi magana a gabansa. In na ga haka sai ƙirjina ya ɗan saki, in samu barci.

Uwar Marayu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Yayanki. Mu ma daga Zurmi muka taso, mutum huɗu aka kashe mana a gida ɗaya. Gidan hayar da muke ciki yanzu an ƙara mana kuɗi sau biyu, mai gidan ya ce in ba za mu iya ba akwai masu jira. Maganar talabijin kuwa, yaranmu sun ga abin da ya fi shi da idonsu, kuma kullum ana tura bidiyon gawarwaki a waya, ba 16 ba 18, yara na leƙawa. Ni ban ga laifin shirin ba. Ƙila ma ya sa yaron ya tashi da burin zama mai bincike.

Anti Malama: A'a Uwar Marayu, wannan ne ma ya sa na ƙara tsorata. Wanda ya ƙone ba a kai shi bakin murhu. Ina da irinsu a ajina, ƙofa ta buga da ƙarfi sai su shige ƙarƙashin benci. Maman Biyu, ki daina kallon gaba ɗaya, ko shi yana nan ko ba ya nan.

Nas Ummi: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Fitsarin kwance da ya dawo bayan yaro ya daina, da firgita, da duba ƙofa, alamu ne da muke gani ga wanda aka yi mugun abu a gabansa. Shirin talabijin ɗin tayar da ciwon kawai ya yi, ba shi ya haifar da shi ba, don haka kwance dish kaɗai ba zai warkar ba. Ki kai shi babban asibiti, a fara gwada fitsarin, sannan ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Kada a doke shi, kada a bari sauran yara su yi masa waƙa. Ke ma da ba kya barci sai kin kalli wannan, ya kamata a gan ki.

Hajiya Babba: Likitan ƙwaƙwalwa kuma? A ɓata wa maraya suna a unguwa tun yana ƙarami? Rubutu da addu'a sun isa.

Maman Biyu: Ni lafiyata lau Nas, ina sana'ata, ina kula da yara uku. Yaron ma da rana ba ruwansa, yana wasa. Na yi tunanin in sayi abin sawa a kunne, in juya talabijin ɗin ta kalli bango.

Anti Malama: Hasken fa? Ya riga ya san abin da kike kallo. Kuma tambayar da ya yi miki, me kika ce masa?

Maman Biyu: Na ce Allah zai saka masa ranar gobe. Ya ce ya sani, amma su waɗancan ai tun a duniya ake kama musu. Maigida ya bugo ɗazu, sun taso, jibi zai iso. Anti, da na duba jiya na ga wani da aka rubuta 13 kawai, babu V. Shi ma haramun ne ya zauna kusa da ni in ina yi masa bayani?