Neman taimako: sayen imidocarb ta intanet don karen gadi

Assalamu alaikum, likitocin dabbobi da masana. Karen gadin garke ne a wani ƙauye kusa da Ringim, nauyinsa kilo 15. Kaska ta cika shi, dasashinsa ya yi fari, fitsari ja-ja. Likita ya duba jini ya ce babesiya ce, wato ciwon jini da kaska ke sawa, ya rubuta allurar imidocarb, miligiram 6.6 a kowane kilo, a maimaita bayan kwana 14.

A nan diminazene, wani maganin babesiya, kawai ake samu, ƙunshin giram 2.36 da ake damawa don saniya mai kilo 300. Ba na son a yi wa kare shi da kintace, domin in ya ɗan zarce yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Wani kantin magani na intanet yana da imidocarb, amma ya ƙi karɓar hoton takardar da likitan ya rubuta, wai babu hatimi da lambar rajistar likitan ta VCN, hukumar kula da likitocin dabbobi ta Najeriya, kuma likitan ya yi tafiya. Shin wani likita zai iya sake rubutawa da sakamakon jinin kaɗai? Ta yaya zan tabbatar da lambar NAFDAC kafin in biya? Kuma zafin mota daga Kano ba zai lalata maganin ba? Karen ya daina cin abinci, don Allah a taimaka.