Kuɗin tikitin Firimiya: abin da aka tattauna a taƙaice

An tattauna ne a kan tsadar tikitin shiga kallon wasannin gasar Firimiya ta Ingila. Inda baki ya zo ɗaya:

1. Ƙayyade tikitin magoya bayan ƙungiyar baƙi a fam 30, tun kakar 2016/17, ya taimaka ƙwarai. Sai dai kuɗin jirgin ƙasa yakan fi tikitin, kuma idan masu talabijin suka sauya ranar wasa, wanda ya sayi tikitin jirgi da wuri ya yi asara.

2. Kada a saya a hannun 'yan bumburutu. Sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin ƙungiya ba haramun ne a dokar Ingila, kuma ƙungiya na iya soke tikitin, mutum ya isa ƙofa a mayar da shi. A yi rajistar zama mamban ƙungiya, a nemi wasannin kofin Carabao (wata gasar kofi ta ƙungiyoyin Ingila), sun fi araha.

Inda aka rabu: Manchester United ta mayar da ragowar tikitin mambobi fam 66 a ƙarshen 2024, ba rangwame ga yara da tsofaffi. Wasu sun ce kasuwa ce, tunda filin cika yake yi. Mafi yawa sun ce zalunci ne, ni ma haka na gani. Sun tuna da Anfield, filin Liverpool, a Fabrairun 2016: dubban magoya baya suka fice a minti na 77 saboda tikitin fam 77, masu ƙungiyar suka janye farashin, suka nemi afuwa.