Neman shawara: allon talabijin lafiya ƙalau, amma manhajojinsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Talabijin ɗinmu mai haɗuwa da intanet ya shekara bakwai. Hoto garau, sauti garau, amma manhajar kallon fina-finai ta daina buɗewa, tana cewa ba ta aiki a wannan na'urar kuma. Idan na nemi sabuntawa sai ya ce babu sabo. Ya kuma yi nauyi, sai a danna rimot a jira. Sannan an ce mini irin waɗannan talabijin suna leƙen abin da mutum yake kallo. Shin gyara ne ko sauyawa? In sauyawa ne, me zan duba don kada bayan 'yan shekaru in sake komawa gidan jiya?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yar da shi. Talabijin na zamani abu biyu ne a jiki ɗaya: allo, da 'yar ƙaramar kwamfuta da aka dasa a bayansa. Allon yana iya kaiwa shekara goma ko fiye, kwamfutar ce take tsufa da wuri. Yawanci ma'adanarta gigabayit 4 zuwa 8 ne, mimorin aikinta kuwa 1 zuwa 2. Duk shekara manhajoji suna ƙara nauyi, ita tana nan yadda aka ƙera ta, shi ne jinkirin da kike gani.

Dainawar manhaja kuma dalili uku ne suka fi jawo ta. Ko dai masu manhajar sun koma sabon tsarin matse bidiyo irin AV1 wanda guntun talabijin ɗin bai san shi ba, ko sun ɗaga matakin kariyar haƙƙin mallaka, ko kuma takardar shaidar tsaro da ke cikin talabijin ɗin ta ƙare kuma ba wanda ya turo sabuwa. Na ukun ya faru a fili ranar 30 ga Satumba 2021, lokacin da wata tsohuwar takardar tushe da Let's Encrypt, ƙungiyar da ke ba shafukan intanet takardun shaidar tsaro, ke dogara da ita ta ƙare, tsofaffin na'urori da dama suka kasa buɗe shafuka. A Disamba 2019 ma Netflix ya janye daga wasu talabijin na Samsung ƙirar 2010 da 2011 da tsofaffin akwatunan Roku. Babu mai gyaran da zai dawo da wannan, don ba wani abu ne ya ƙone ba.

Mafita: ki sayi akwati ko sandar kallo da ake soka wa a ramin HDMI, irin Fire TV Stick, Roku, Apple TV ko mai tsarin Google TV. Ki kunna saitin HDMI-CEC a talabijin don rimot ɗaya ya wadatar wa talabijin da sandar. Samsung suna kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Sandar ki ba ta wuta daga cajarta, kada ki dogara da ramin USB na talabijin, domin da yawa wuta kaɗan ce, rabin amfiya kawai, suke bayarwa, sai sandar ta riƙa mutuwa tana tashi.

Malama Zainab:
Maganar leƙe gaskiya ce, Maman Hanif, ba jita-jita ba. Sunan abin ACR. Talabijin yana ɗaukar ɗan samfurin hoto ko sautin da ke kan allo a kai a kai, ya mayar da shi wata gajeriyar alama kamar zanen yatsa, ya tura wa kamfani a gwada da rumbun shirye-shirye. Daga nan an san me aka kalla, da ƙarfe nawa, tsawon wane lokaci, kuma da wannan ake sayar da talla. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne bai tsaya ga manhajojin cikin talabijin ba: abin da ya shigo ta HDMI, dikoda ce ko na'urar wasa ko kwamfuta, shi ma yana iya shiga lissafi.

A 2017 kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka bayan hukumar kare masu saye ta tarayya da jihar New Jersey sun tuhume shi da tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da yardar masu su ba. Tun daga nan kamfanoni suka koma neman izini, sai dai izinin yana cikin dogon rubutun nan da ake danna "na yarda" a ranar farko ba a karanta ba.

Kashewa: a Samsung ki nemi Viewing Information Services cikin sashen sharuɗɗa da sirri. A LG sunansa Live Plus, sannan ki shiga User Agreements ki janye yardar bayanan kallo da ta talla. A Roku TV yana ƙarƙashin Smart TV Experience. A wasu Sony kuma Samba Interactive TV ne. Wurin yana sauyawa daga ƙirar shekara zuwa shekara, sunan ne abin nema. Bayan kowace sabuntawa a sake leƙawa, don wani lokaci sabbin sharuɗɗa suna zuwa tare da ita. In akwai makirufo a jikin talabijin ɗin, yawanci akwai ɗan makunni a ƙasansa, a kashe shi nan.

Abu Sumayya:
Injiniya, a yi mini afuwa, akwai gyara kaɗan. Sandar ma ba waliyyiya ba ce. Amazon da Google da Roku duk suna cin riba da talla, kuma suna ganin abin da aka buɗe a na'urarsu. Ribar sandar ita ce ba ta ganin abin da ke sauran ramukan HDMI, kuma in ta tsufa ita kaɗai za a sauya. Amma sai an cire talabijin ɗin kansa daga intanet. In an bar shi a haɗe, an tara masu leƙe biyu ke nan.

Cirewar ma akwai yadda ake yi. Wasu talabijin ba su da wurin manta Wi-Fi, to sai a mayar da shi saitin masana'anta, a tsallake matakin haɗa intanet, a ƙi amincewa da sharuɗɗan da ba dole ba. Wannan zai goge asusun da aka shiga da su, wanda dama wajibi ne kafin a sayar ko a kyautar da talabijin.

Tsohon talabijin da ya daina samun facin tsaro bai kamata ya zauna layi ɗaya da wayoyi da kwamfutocin gida ba. In dole sai an haɗa, a sa shi a layin baƙi na rauta, wato na'urar Wi-Fi ta gida, a kashe UPnP, saitin da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa a rautar. Masu toshe adireshin talla da manhajar Pi-hole su sani wasu na'urori suna zagayewa ta 8.8.8.8, sabar neman adireshi ta Google, da aka dasa musu, sai an toshe wannan hanyar a rauta.

Injiniya Bashir:
Gyara ya karɓu, Malam. Sai dai kada a guji sabuntawa gaba ɗaya, tana gyara matsalolin hoto da na HDMI. Samsung da LG da Sony suna sa fayil ɗin a shafinsu: a duba lambar ƙira a takardar bayan talabijin, a sauke wanda ya dace da ita daidai, a zuba a filashi mai tsarin FAT32, a soka. Kada wuta ta yanke ana tsakiyar aikin, domin hakan yana iya kashe babban bod.

Sadiya A.:
Kan sayen sabo. A 2024 Samsung sun yi alkawarin sabunta Tizen, tsarin aikin talabijin ɗinsu, na shekara bakwai, LG kuma shirin webOS Re:New na sabunta nasu tsarin na shekara biyar. Ki tambaya ko ainihin ƙirar da kike so tana ciki, kuma ki lura lissafin daga shekarar fitowar ƙirar yake farawa, ba ranar da kika saya ba. Alkawarin bai ɗaure masu manhajoji ba, suna iya janyewa duk da haka. Ni dai a ganina ki zaɓa don ingancin allo da yawan ramukan HDMI, uku ko huɗu, masu tsarin kariyar haƙƙin mallaka na HDCP 2.2 in 4K ne. Masu Google TV suna ba da zaɓin Basic TV a saitin farko, ba asusu, ba manhajoji.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri. To allon nawa fa, me zan yi ya daɗe?

Injiniya Bashir:
Amin Hajiya. Abin da ya fi mutuwa a talabijin na LED shi ne fitilun bayan allo, sai kafasito na bod ɗin wuta, kuma zafi ne ke cin su duka. Ki fita daga yanayin Vivid ko Dynamic, ki sauke hasken baya zuwa kashi 60 ko 70. Kashin hasken baya nake nufi, ba na hasken hoto ba, saiti biyu ne daban. Ki bar tazarar kamar santimita 10 ta sama da gefe, ki riƙa share ƙurar ramukan iska, ki sa masa abin kare hawan wuta. Ranar da kika ji sauti amma allo baƙi, ki haska tocila dab da gilashin. In kin hango hoto dishi-dishi, fitilun ne, kuma ana sauya layukansu. Ki ce wa mai gyara ya sauya duka, don in ya sauya ɗaya kawai sauran da suka gaji tare za su biyo baya.