Jack London marubucin talakawa ne?

Malamin Adabi: Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci jiya, domin wani abokin aikina ya ce ɓata lokacin ɗalibai nake yi da na sa su karanta littafin Jack London mai suna The Call of the Wild, wai ai labarin kare ne. Jack London, wanda aka haifa a San Francisco a 1876, ya yi aikin masana'antar gwangwani tun yana yaro, ya yi aikin jirgin ruwa har gaɓar Japan a 1893, an ɗaure shi kwana 30 a Buffalo a 1894 kan gararamba kawai, sannan ya tafi neman zinariya yankin Klondike na ƙasar Kanada a 1897 ya dawo da ciwon dasashi. Marubucin talakawa ne, kuma littafinsa ya cancanci aji.

Hajiya Babba: Wa'alaikumussalam. Malam, ban yarda da kalmar talakawa ba. Mutumin da ya mallaki gona mai eka fiye da 1,000 a Glen Ellen, ya sa aka ƙera masa jirgi mai suna Snark ya shiga tekun Pasifik a 1907, ya kuma gina katafaren gidan da ya ƙone a 1913, ya bar talauci tuntuni.

Ɗan Ƙungiya: Hajiya, samun arziki bai hana mutum tuna tushensa ba. Ya shiga jam'iyyar 'yan gurguzu a 1896, ya tsaya takarar magajin garin Oakland a 1901 da 1905, kuma a 1902 ya sa tsummoki ya zauna cikin matalautan gabashin birnin Landan domin ya rubuta halin da suke ciki. Attajirai nawa ne suka yi haka?

Hajiya Babba: Ƙanena, ai ya fice daga jam'iyyar a 1916.

Ɗan Ƙungiya: Ya fice ne domin yana ganin ta yi sanyi a gwagwarmaya, ba domin ya juya wa ma'aikata baya ba.

Baban Yara: Ni tambayata ita ce, waɗanne talakawan? Lokacin da Jack Johnson, baƙar fata, ya doke Tommy Burns a Sydney a 1908 ya zama zakaran damben duniya, London ne ya yi kira ga Jim Jeffries, tsohon zakara farar fata da ya yi ritaya, da ya dawo fage ya ƙwato wa farar fata kambin. A 1904 ma ya rubuta maƙala yana tsoratar da Turawa game da mutanen Sin da Japan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wata baiwar Allah baƙar fata, Virginia Prentiss, wadda aka haifa cikin bauta, ita ta shayar da shi, ita kuma ta ranta masa dala 300 ya sayi jirginsa na farko. Wanda ya sha nonon mace irin wannan bai kamata ya furta waccan magana ba.

Ɗan Ƙungiya: Yaya, halin zamaninsa ne.

Baban Yara: Kada ka laɓe da zamani, domin a zamanin nan nasa akwai Turawan Amurka da suka haɗa kai da baƙaƙe suka kafa NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, a 1909. Ku 'yan ƙungiya ba kwa ganin aibin naku.

Ɗan Ƙungiya: Wannan ƙazafi ne, kuma ina neman a janye shi.

Hajiya Babba: Bari in taƙaita domin a huta. An tabbatar cewa London ya mutu a 1916 yana da shekara 40 a babbar gonarsa, yana mai dukiya da ma'aikata a ƙarƙashinsa, an kuma tabbatar da wariyarsa. Saboda haka kalmar talakawa ta faɗi, kuma kowa ya amince.

Malamin Adabi: Hajiya, ni ban amince ba, kuma har yanzu ba wanda ya ce uffan a kan ko littafin ya cancanci a karanta shi a aji.