Me ya fi addabar ƙaramin soja a Yaƙin Basasar Najeriya?

Ɗalibin Tarihi: Assalamu alaikum. Kullum labarin Gowon da Ojukwu da manyan kwamandoji ake yi. Shi kurtun da ke cikin rami tsakanin 1967 da 1970 fa, da me yake fama kullum?

Malamin Sakandare: Wa alaikumus salam. Na farko ƙarancin horo. Kafin yaƙi sojan Najeriya bai wuce dubu 10 ba, a ƙarshensa ya haura dubu 200, don haka horon da ake yi a Zariya na watanni ya koma na makonni. Bindigogi kuma iri-iri ne, harsashin wata ba ya shiga wata. Bindigar FN harsashi 20 take ɗauka, sabon soja idan ya firgita nan take zai ƙarar da su. Laka ta shige ta ba a goge da mai ba, sai ta cije.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam, a ƙara da ruwan sama. A Kudu maso Gabas damina daga Afrilu ce har Oktoba, ramin ɓuya cika yake yi. Ƙafa ta kwana biyu ko uku cikin jiƙaƙƙen takalmi sai fatar ta yi fari, ta saɓule, tsakanin yatsu ya tsage ya ɗuri ruwa. Maganin bai wuce a cire takalmi kullum, a busar da ƙafa, a sauya safa ba, amma ina safar? Ga zazzaɓin cizon sauro, ga atuni saboda shan ruwan rafi ba tafasawa. Wanda aka harba kuwa, jinkirin kai shi asibiti ne ke sa jini ya ƙare masa.

Ɗan Bariki: Duk abin ya ta'allaƙa ne ga hanya. A Maris 1968 sojan Biyafara suka yi wa ayarin Runduna ta Biyu ta sojan Najeriya kwanton ɓauna a garin Abagana, tankar mai ta kama wuta ta cinye motocin. A 1969 suka yi wa Birged ta 16 ta sojan Najeriya ƙawanya a Owerri, abinci sai ta laima daga jirgin sama, wani kuma ya faɗa hannun abokan gaba. Sojan Biyafara ya fi shan wuya: harsashi a ƙirge ake ba shi, gishiri ma ya zama sai mai rabo.