Piston ɗin birkin baya ya ƙi komawa

Ɗan_Mabera:
Salam jama'a. Accord EOD ce gare ni, kwana biyu in na taka birki sai in ji ƙiiii daga baya, na sawo sabon takalmin birki na ce bari in canza da kaina tunda na gaba ni na yi. Na kwance kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da takalmin, na cire tsohon, ya cinye saura ƙarfe, amma piston ɗin da ke tura takalmin ya ƙi komawa ciki, na danna da ƙarfen taya har na haɗa zufa. Mota na nan bisa jak tun hantsi. Mi ya kamata in yi?

Oga_Arkilla:
Wa alaikumus salam. Malam daina dannawa hwa kar ka lalata shi! Na baya ba irin na gaba ba ne saboda hambirek na haɗe da shi, murɗa shi ake ta hannun dama kana turawa a hankali. Duba fuskarshi za ka ga tsaga, nan za ka sa bakin filaya in ba ka da ƙarfen murɗa shi. Ka sauke hambirek tukuna, ka buɗe murfin man birki don zai hau, kuma in ka gama tsagar ta daidaita da ɗan ƙusan da ke bayan takalmin.

Direban_Illela:
Kar ka bar kalifa na reto da tiyo, ɗaure shi da waya. Kuma ka bubbuga birki kafin ka tashi, ni na taɓa mantawa, wajen Gidan Man Ada na taka ƙafata ta tafi har ƙasa, Allah ne ya tsare wani mai kabu-kabu.

Ɗan_Mabera:
Oga, piston ya shiga wallahi, murɗa kaɗan kawai. Na gode ƙwarai. Saura gefen direba bayan la'asar, rana ta yi yawa.